Yayana na zargin ina cin kuɗin man mota, ni kuwa ban ci ba

Assalamu alaikum Malam. Don Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne, ina aiki a hannun yayana wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni tun bayan rasuwar mahaifinmu. Aikina shi ne kai wa abokan cinikinsa kaya a wani gari mai nisan kusan kilomita 300, a ƙaramar motarsa atomatik mai giya huɗu. Da can shi yake zuwa da kansa, da hidima ta yi masa yawa sai ya bar mini. Kuɗin man da yake ba ni daidai yake da abin da motar take sha a hannunsa, amma ni ba ya isa ta. Kullum sai na ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku daga aljihuna. Na daɗe ina cikawa ban faɗa masa ba, ranar da na gaji na faɗa sai ya ce, "Motar dai ita ce, hanyar ma ita ce, to ina man yake zuwa?" Malam, maganar nan ta tsaya mini a rai. Bai ce na sata ba, amma na gane inda ya dosa.

Kwanaki muka yi tafiyar tare. Ya ga ina kan 130, allurar juyin inji tana wajen 3,500, sai ya hau faɗa wai zan kashe masa inji, wai tsohuwar babbar motarsa ba ta wuce 2,000 a kan babbar hanya, don haka kada in sake in wuce 2,000. Na gwada, sai ga manyan motoci suna ta wuce ni suna danna mini oda. Shi kansa da yake zuwa a kan 100 yake tafiya. Ni a ganina in na yi sauri na isa da wuri, injin bai daɗe yana aiki ba, to ta yaya zai fi shan mai? Wani bakanike kuma ya ce giyabos ne, a kawo a sauke. Wani lokaci ina ɗaure sauran kwalaye a saman motar in but ya cika. Yanzu gaisuwa kawai ke haɗa ni da Yaya. In ajiye masa makullinsa ne, ko yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta wasiƙarka, kuma na san ba man ne ya hana ka barci ba. Mutumin da ya riƙe ka kamar uba ya dube ka ya yi tambayar da ke da wutsiya, alhali kai kana cire na aljihunka kana rufa wa kasuwancinsa asiri. Dole abin ya yi ciwo, kuma ba zan ce maka ka share ba. Sai dai kada ka ajiye makullin tukuna. Lambobin da ka rubuto da hannunka sun wanke ka daga zargin cin kuɗi, amma ba su wanke ƙafarka ta dama ba. Shi ma Yaya yana da gaskiya a wani wuri, ya kuma kuskure a wani. Bari mu fara da motar, domin in aka gane ta maganar zumunci za ta yi sauƙin warwarewa.

Allurar da kuke jayayya a kanta ba gejin mai ba ce. Abin da take faɗa kawai shi ne sau nawa injin yake juyawa a cikin minti ɗaya. Idan mota ta shiga giyarta ta ƙarshe ta zauna a ciki, injin da tayoyi sun zama a ɗaure da juna, ba yadda za a yi ɗaya ya ƙara sauri ɗaya ya tsaya. Saboda haka a wannan giyar, allurar inji da allurar maleji abu guda suke faɗa da harshe biyu. Ka ce 3,500 kake gani a kan 130. To a kan 100 motar za ta nuna wajen 2,700, kuma in ana so ta tsaya a 2,000 sai an sauko wajen 75. Shi ya sa manyan motoci suka yi ta wuce ka. Ka kuma lura da wani abu, amma kada ka je ka yi wa Yaya gori da shi: lokacin da yake tafiya a kan 100 a wannan motar, shi ma allurarsa tana can wajen 2,700, wato bai taɓa bin dokar da ya kafa maka ba.

Yanzu ga lissafin da nake so ka yi da biro da takarda, don shi ne zai raba muku gardama. A kan 100, kilomita ɗaya yana cin daƙiƙa 36. Injin da ke juyi 2,700 a minti zai juya sau 1,620 a cikin wannan lokacin. A kan 130, kilomita ɗaya yana cin ƙasa kaɗan da daƙiƙa 28, injin da ke juyi 3,500 kuma zai juya kusan sau 1,620 ɗin nan dai. Ka gani? Ko ka yi gudu ko ka tafi a hankali, muddin giyar ba ta canja ba, yawan juyin da injin zai yi kafin ya kai ka ƙarshen tafiyar ɗaya ne. Wannan ya rushe hujjarka ta cewa isa da wuri yana rage wa inji aiki, domin ko juyi ɗaya ba ka rage masa ba, ka dai matsa masa ya yi su a gurguje. Ya kuma nuna cewa ba yawan juyin ba ne ya shanye man kamar yadda Yaya yake zato. Abin da ya bambanta shi ne yawan fetur ɗin da ake fesa wa injin a kowane juyi, kuma abin da ke ƙayyade wannan shi ne nauyin aikin da aka ɗora masa.

Babban aikin da mota take yi a kan buɗaɗɗiyar hanya shi ne ture iska. In kana gefen direba wata rana, ka ɗan fitar da tafin hannunka ta taga a kan 50, za ka ji iska tana shafa shi. Ka sake fitarwa a kan 100, za ka ji tana neman mayar da hannun baya har kafaɗarka ta amsa. Gudun ya ninka sau biyu ne, amma ƙarfin turin ya ninka sau huɗu, domin turjiyar iska tana ƙaruwa ne da gudu sau gudu. Daga 100 zuwa 120 turjiyar ta ƙaru da kashi 44 cikin ɗari. Daga 100 zuwa 130 ɗin da kake yi ta ƙaru da kashi 69. Ƙarfin da injin zai fitar a kowace daƙiƙa don cin galabar iskar kuwa ya fi haka tashi, ya haura ninki biyu. Ba duka man ne ke tafiya wajen faɗa da iska ba, akwai jan taya a kan kwalta da gogayyar cikin inji, shi ya sa shan man ba ya ƙaruwa da kashi 69 cif. Amma a irin wannan gudun iska ce mai kaso mafi tsoka.

An auna wannan, ba hasashe ba ne. Cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke Amurka ta fitar a 2013 da sakamakon gwajin motoci 74 a gudu daban-daban. A matsakaicin lissafi, nisan da mota ke yi da lita ɗaya ya ragu da kusan kashi 12 cikin ɗari daga gudun kilomita 80 zuwa 97 a awa, ya sake raguwa da kashi 14 daga 97 zuwa 113, sannan da kusan kashi 15 daga 113 zuwa 129. In ka haɗa matakai biyun ƙarshe, wato daga gudun Yaya zuwa naka, man da ake bukata don nisa guda ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Ka duba wasiƙarka ka ga nawa ka ce kana cikawa. Tambayar Yaya ta "ina man yake zuwa" tana da amsa, kuma amsar ba ta bi ta aljihun kowa ba. Ita Amurkar ma, bayan rikicin man fetur na 1973, dokar da ta kafa a 1974 don rage shan mai a ƙasar ta taƙaita gudu ce zuwa mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Ba ta ce komai a kan allurar inji ba.

Me kake samu da wannan gudun? In da za ka riƙe 130 daga farko har ƙarshe ba tsayawa, kilomita 300 zai ɗauke ka awa 2 da minti 18 maimakon awa 3, ribar minti 42. A zahiri ba ta kai haka ba, domin akwai kwana, akwai garuruwan da ake ratsawa, akwai motar da za ka bi a baya kana jiran damar wucewa, kuma duk birkin da ka taka daga 130 man da ka riga ka ƙona ne kake mayarwa zafi a jikin birki. Akwai kuma abin da ya fi mai tsada. Nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita shi ma da gudu sau gudu yake tafiya, don haka a kan 130 ya ƙaru da wannan kashi 69 ɗin, a ƙaramar mota cike da lodi har a samanta. Ina kyautata zaton rabin faɗan da Yaya ya yi maka ranar nan tsoro ne ya fito da siffar maganar inji. Mutum da yawa sun fi iya cewa "za ka kashe mini mota" a kan "ina tsoron in rasa ka".

To ina gaskiyar Yaya? Juyin inji yana da nasa kuɗin. Duk juyi ɗaya sai fistin ya goga jikin silinda, sai an juya famfon baƙin mai da na ruwa, kuma wannan asarar tana hauhawa in juyin ya yi sama. Injin fetur kuma yana da wata asarar ta daban: in ƙafarka ba ta danna totur sosai ba, ƙofar shigar iska a tsuke take, injin yana wahalar zuƙo numfashi. Shi ya sa a gudu guda, giya ta sama ta fi ta ƙasa sauƙin mai. Tana rage yawan juyi a kowane kilomita, tana kuma sa ƙofar iskar ta ƙara buɗewa. Kamar mai keke ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya: in ya bar shi a giya mai laushi ƙafafunsa za su yi ta wulwulawa yana haki ba ya cin nisa, in ya sa mai tauri fiye da kima gwiwoyinsa za su gaya masa, akwai tsaka-tsakin da yake tafiya ba gajiya. Dalilin da ya sa kamfanonin mota suka yi ta ƙara yawan giya ke nan, daga huɗu zuwa shida, takwas, har goma, don inji ya zauna a ƙasa alhali mota tana gudu. Wanda yake da giya biyar ko shida a hannu ya bar ta a ta huɗu a kan babbar hanya, wannan kam allurarsa ce take shan masa mai, kuma maganar Yaya ta hau kansa daidai.

Inda Yaya ya kuskure shi ne ɗauko lambar wata mota ya ɗora wa wata. Babban inji yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, don haka ana haɗa shi da doguwar giya, ya yi 100 yana juyi 2,000 ko ƙasa. Ƙaramin inji ba shi da wannan ƙarfin a ƙasa, dole a gajarta masa giya ya yi juyi da yawa. Duk da haka sau da yawa ƙaramin da ke 2,700 ya fi babban da ke 2,000 sauƙin mai, domin abin da yake zuƙa a kowane juyi kaɗan ne kuma jikin da yake ja ba shi da nauyi. Ka kwantar wa Yaya da hankali a kan lafiyar injin ma: 2,700, har ma 3,500, suna nesa da jan layin da ke jikin agogon, wanda a yawancin ƙananan motocin fetur yake wajen 6,000 ko sama. Inji mai baƙin mai mai kyau da ruwa a lagireto yana wuni a 3,000 lafiya lau. Nacewa a kan 2,000 kuwa yana da nasa aibin. Da lodi a kan hawa, motar za ta riƙa sauka giya ta uku tana komawa ta huɗu tana sake sauka, kuma tafiyar 75 a inda kowa yake 100 tana jawo a riƙa wuce ka ta ko'ina, wanda shi ma haɗari ne.

Batun bakaniken nan, kada ka bari a sauke giyabos a kan wannan magana. Lambobinka ba su nuna ciwo ba. A irin waɗannan motoci masu giya huɗu akwai ɗan maɓalli a jikin sandar giya, in an danna shi wata 'yar wuta mai rubutun O/D OFF takan kama a gaban direba, motar ta ƙi shiga giya ta huɗu. Yana da sauƙin dannuwa bisa kuskure, kuma ya cancanci ka duba. Amma da a kashe yake, da kana ganin kusan 3,800 tun a kan 100, ba sai ka kai 130 ba. Abin da ya fi dacewa a gwada shi ne makullin da ke cikin giyabos wanda yake ɗaure inji da tayoyi kai tsaye in mota ta daidaita a kan gudu. Bayan injin ya yi zafi, ka riƙe 90 a miƙaƙƙiyar hanya, ka ƙara danna totur kaɗan, kamar kaurin takarda. In makullin yana kamawa, allurar inji za ta hau a hankali tare da ta maleji. In ta yi tsalle da ɗari uku ko huɗu alhali gudun bai motsa ba, to akwai zamewa, kuma wannan yana shan mai yana kuma dafa man giya. Ko a nan ma ba sauke giyabos ake fara yi ba. A sa na'urar bincike a karanta abin da kwamfutar motar ta ajiye, a duba man giya, a kuma tambaya ko an taɓa cire tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji ta hanyar buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto. Wasu masu gyara suna cire shi da sunan maganin zafi, sai injin ya kasa kaiwa zafin da aka tsara masa, kwamfuta ta ɗauka har yanzu da sanyi ta riƙa ƙara fetur, a motoci da yawa ma ta jinkirta kama wancan makullin. In allurar zafi tana kwanciya ƙasa duk lokacin da ka hau babbar hanya, ka fara zargin nan.

Kwalayen da kake ɗaurewa a sama ba ƙaramin abu ba ne, ko da ba su da nauyi. Sun ƙara faɗin abin da ke karo da iska, sun kuma ɓata santsin da aka ƙera rufin motar da shi. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban akwatin kaya a saman mota yana iya rage nisan lita da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari a gudun manyan hanyoyi. In da hali a kwantar da kujerun baya a shigar da su ciki. In kuma Yaya bai kasance yana ɗaura kaya a sama ba lokacin da yake zuwa, to kwatancinsa na "motar ita ce, hanyar ita ce" ya ƙara rauni. Iskar taya ka auna ta da safe kafin tafiya, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda sau da yawa take da adadi na daban don cikakken lodi. Na'urar sanyaya mota tana shan nata, amma a gudun babbar hanya sauke gilasai duka ma yana da nasa kuɗin, don haka kada ka gasa kanka a banza.

Abu ɗaya nake roƙonka kada ka yi, domin na san masu ba da shawarar tsimin mai za su kawo maka shi: sa mota a firi a kan gangara, balle kashe ta. Motocin da ke fesa mai da nozul suna yanke fetur gaba ɗaya in ka ɗaga ƙafa daga totur alhali tana cikin giya tana gangarawa. In ka sa firi kuwa dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu, ka kuma rasa riƙon da inji yake yi wa mota, duk nauyin ya koma kan birki. In aka kashe injin, taimakon birki da na sitiyari suna tafiya.

Yanzu sai awo, domin gejin mai ba abin dogaro ba ne, rabinsa na sama da na ƙasa ba daidai suke sauka ba. Ka cika tanki har famfo ya yanke da kansa, ka mayar da ɗan ma'aunin tafiya sifili ko ka ɗauki hoton lambar kilomita da wayarka. Ka yi tafiyarka a kan 95 zuwa 100, ko abin da dokar hanyar ta yarda in bai kai haka ba, ƙafa a daidaice, kana hango abin da ke gaba kana ɗaga ƙafa da wuri maimakon birki. In ka dawo ka sake cikawa a famfo ɗaya har ya yanke, ka karɓi rasit. Litocin da suka shiga ka raba su da kilomitocin da ka yi, ka ninka da 100, ka sami abin da motar ke sha a kowane kilomita 100. Ka maimaita sau biyu ko uku, domin iskar da ke busowa ta gaba ita kaɗai tana iya canja sakamakon rana guda. Ba na ce ka sake yin 130 don kwatanci ba, abin da kake cikawa a baya ya isa shaida.

Mu dawo kan Yaya. Ka tsaya a inda yake tsaye na ɗan lokaci. Ya san abin da motar ke sha domin ya tuƙa ta a hanyar. Ya ba ka wannan adadin, ka karɓa tsawon lokaci ba ka ce komai ba, rana ɗaya ka ce ba ya isa. Daga wajensa, abin da bai canja ba ne ya canja ba dalili. Shirun da ka yi don kunya da gudun ɓata masa rai, shi ne ya sa maganarka ta zo masa a baƙuwa. Wannan bai ba shi damar jefa maka magana mai harshen damo ba, kuma ya kamata ya ji cewa ta yi maka ciwo. Amma ka bambanta mutumin da ya yanke hukunci a kanka da mutumin da lissafi ya ƙi fitar masa. Wanda ya tabbata ƙanensa ɓarawo ne ba ya ci gaba da miƙa masa mota da kaya da amanar abokan ciniki.

Shawarata ita ce kada ka je masa da gardama, ka je da rasit. Ka yi awon nan tukuna ba tare da sanarwa ba. Sannan ka nemi lokacin da yake shi kaɗai, ba a gaban ma'aikata ko iyali ba, ka fara da naka kason: "Yaya, na gano inda man yake zuwa. Gudun da nake yi ne, kuma na rage. Ga abin da ta sha a kan 100." Wanda aka fara ba shi gaskiyarsa yakan saurari sauran. Daga nan ka nuna masa cewa 2,000 a wannan motar 75 ne, ka roƙe shi ku mayar da ƙa'idar ta koma ta gudu maimakon ta allura. Sai a ƙarshe, da murya ƙasa, ka faɗi abin da ke ranka: cewa ka daɗe kana cikawa daga aljihunka, kuma tambayar da ya yi ta sa ka ji kamar ana zarginka. Ka faɗa sau ɗaya ka bari. Kada ka tsaya jiran ya ce "yi haƙuri" da baki, manya da yawa ba su iya wannan ba, nasu ban haƙurin yakan zo ne a sauyin fuska ko a wata kyautatawa bayan kwana biyu. Kuɗin da ka riga ka cika kuwa, ni dai da ni ne ba zan nemi a biya ni ba, tunda gudun nawa ne. In shi ya ga dama ya mayar, ka karɓa da godiya.

Akwai tambayar da ban ga amsarta a wasiƙarka ba: me ya sa kake gudun? In son rai ne da ƙuruciya, maganinsa a ƙafarka yake. In kuma ana sallamarka a makare ne, ana kuma so ka kai kaya ka dawo a yini guda kafin dare, to Yaya yana da hannu a cikin man da ake ƙonawa, kuma dole a faɗa masa cikin ladabi cewa ba za a sami isa da wuri da tsimin mai a lokaci guda ba. A yi lodi tun daren jiya, ka tashi da wuri da minti arba'in, ribar da kake nema da gudu ta dawo ba tare da ƙarin lita ko ɗaya ba.

Tsarin kuɗin ma ya kamata ya canja, domin ƙayyadadden kuɗin mai a hannun direba kullum yana haifar da zato, ko tsakanin waɗanda ba su haɗa jini ba. Ku koma ka karɓi mota da cikakken tanki ka dawo da ita a cike, Yaya ya biya abin da rasit ya nuna, hoton lambar kilomita yana tafe da shi. Ko kuma ku yi tafiya ɗaya tare, shi ya tuƙa zuwa kai ka tuƙa dawowa a kan gudu ɗaya, a cika tanki a kowane ƙarshe. In kana ganin bakinka ba zai iya fara maganar ba, ka nemi wani babba da dukanku kuke jin nauyinsa ya zaunar da ku, amma mutum ɗaya, kada magana ta zaga dangi.

In ka yi duk wannan, lissafi ya fito fili, amma Yaya ya ci gaba da jifa da irin waccan maganar, to a lokacin ne batun ajiye makulli zai taso, kuma ko a lokacin ba cikin fushi ba. Ka ba shi wa'adi ya sami wani direban, ka roƙe shi ya sauya maka aikin da babu kuɗin mai a tsakani, ko ka nemi naka a waje kana ci gaba da zuwa gaishe shi. In kuma ka rage gudu, ka sauke kayan sama, ka daidaita iskar taya, amma awo uku a jere suka nuna motar tana shan fiye da abin da take sha a hannunsa, to matsalar ta koma ta inji. Ku tafi wajen mai na'urar bincike ku biyu, a duba tamostat, filogi, matatar iska da na'urar auna iskar salansa kafin kowa ya taɓa giyabos. Ka rubuto mini lambobin da ka samu, lita da kilomita da abin da allurar take nunawa a kan 100, in duba maka su.